Hotuna takwas da suka lalace a tsohuwar Polaroid SX-70: yadda aka bi diddigin kowane aibi

Kyamarar da ake magana a kanta Polaroid SX-70 ce, samfurin farko, mai jiki ruwan azurfa da fata ruwan ƙasa, irin wadda kamfanin Edwin Land ya fitar a 1972. Ta daɗe a ajiye, ba wanda ya san rabon da a saka mata fim. Wani mai ɗaukar hoton mutane, wanda hannunsa ya saba da kyamarar dijital, ya same ta, ya sayi fakiti biyu na fim mai launi, ya fita da ita wata safiya da rana ta fito fes amma sanyi na busawa, zafin iska bai wuce digiri 7 a ma'aunin Salshiyas ba. Fakitin farko ya ƙare babu hoto ko ɗaya da za a iya nuna wa mutum. Ya kai ta wurin mai gyara, ya ce masa kyamarar ta mutu, a duba ko akwai abin da za a tsira da shi.

Abin da ya sa lamarin ya yi sauƙin warwarewa shi ne bai zubar da komai ba. Ya zo da hotunan takwas a jere yadda ya ɗauke su, da fankon fakitin, da kwalin fim, da fakiti na biyu da ba a buɗe ba. A fim na nan-take, hoton da ya lalace shi ne rahoton abin da ya faru a cikin kyamara, domin kowace matsala tana da siffarta da kuma inda take zama a jikin hoton.

Abin da hotunan suka nuna

Uku na farko sun fito fari fat, fuskar mutum da ƙyar ake gane ta, abin da ya rage na launi kuma ya karkata zuwa kore-kore. A kowannensu akwai ɗigo-ɗigo masu haske a layi ɗaya daga ƙasa zuwa sama, tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo iri ɗaya ce. Biyu daga ciki suna da zane-zane shuɗaye kamar harshen wuta. Na huɗu ya ɗan yi dama-dama, domin mai shi ya murɗa tayar fari-da-baƙi, wadda ake ƙara wa hoto haske ko duhu da ita, zuwa ƙarshen baƙi kafin ya danna. Daga nan ya ninke kyamarar, ya sauya wuri, ya sake buɗe ta, sai na biyar ya dawo fari fat kamar na farko. Na shida da na bakwai a cikin ɗaki aka ɗauke su, a hasken ƙwan lantarki: sun yi rawaya, sun yi dishi-dishi, komai ya yi biyu-biyu. Na takwas, wanda ya koma waje ya ɗauka, kusurwarsa ta sama ba ta wanku ba sam, ta zauna launin ƙasa-ƙasa, babu hoto a wurin. Bayansa tagar ƙidaya tana nuna 2, ya danna jan maɓallin, injin ya yi ƙara, babu abin da ya fito. Wannan ne ya tabbatar masa cewa ta lalace.

Batun ƙidaya shi ne mafi sauƙi, don haka a kawar da shi tun yanzu. Fakitin asali hoto 10 yake ɗauka, kuma kyamarar daga 10 take fara ƙirgawa zuwa ƙasa duk lokacin da aka saka sabon fakiti. Fakitin yanzu hoto 8 ne, saboda takardar fim ta yanzu ta fi ta da kauri. Idan taga ta nuna 2, fim ya ƙare.

Fim ɗin yanzu ba na da ba ne

Ba za a fahimci sauran ba sai an san abin da ke cikin takardar. Faɗin hoton milimita 88 ne, tsawonsa 107, wurin da hoto ke fitowa kuma kusan 79 a kowane gefe. Farin gefen nan mai kauri na ƙasa ba don ado aka yi shi ba, a cikinsa jakar sinadarin wanki take. Da an ɗauki hoto, wata 'yar ƙugiya ta ƙarfe takan turo takardar sama daga fakitin, rola biyu da ke jikin ƙofa su cafke ta ta gefen mai kauri, su fasa jakar, su shimfiɗa kwaɓin sinadarin tsakanin fatun takardar daga ƙasa zuwa sama. Rarar da ta saura tana taruwa a siririn gefen sama. Kwaɓin yana da kaifin alkali, shi ke tayar da rini uku da ke kwance a cikin fim su hau sama su haɗa hoton. A cikinsa akwai farin gari na titaniyom da ke zama shimfiɗar da hoton ke zaune a kai, akwai kuma wani rini mai duhu wanda aikinsa kawai ya tsare fim daga haske har wanki ya kankama. Daga baya wani sashe mai tsami ya kashe kaifin alkalin, rinin tsaron ya washe, hoto ya bayyana.

Dalilin buƙatar rinin tsaro shi ne fim ɗin Polaroid ta fuskarsa yake shan haske, ta nan ɗin da ake kallon hoto. Da ya fito daga kyamara, babu abin da ke tsakaninsa da rana sai wannan siririn kwaɓi. Instax na Fujifilm, wanda ya fito a 1998, ta baya yake shan haske, shi ya sa masu amfani da shi ba su san wannan damuwa ba, kuma wanda ya saba da shi yakan yi mamakin shagwaɓar fim ɗin Polaroid.

Tsohon kamfanin ya daina yin fim a 2008. Waɗanda suka karɓi masana'antarsa ta Enschede a ƙasar Holan, da sunan Impossible Project, sun sami injuna amma ba su sami sinadaran ba, domin masu samar da su sun riga sun daina. Dole suka ƙirƙiro haɗi sabo, suka fitar da fim na farko a 2010. Kamfanin ya koma Polaroid Originals a 2017, sannan Polaroid kawai a 2020. Fim ɗin ya inganta ƙwarai tun lokacin, amma har yanzu rinin tsaronsa bai kai na da ƙarfi ba, wankinsa ya fi jinkiri, kuma ya fi jin sanyi da zafi. Mai launi yana ɗaukar minti 10 zuwa 15, fari-da-baƙi minti 5 zuwa 10. Kyamarar 1972 ba don wannan fim aka ƙera ta ba, kuma littafinta na asali bai san da shi ba.

Gwaji ba tare da ɓata fim ba

Mai gyaran bai taɓa fakiti na biyu ba tukuna. SX-70 ba ta da batir a jikinta, batirin yana kwance a ƙasan kowane fakiti, lebur, mai ƙarfin bolt 6, kuma yakan saura da ƙarfi bayan fim ya ƙare. Fankon fakitin farko ya zama kayan gwaji. Aka zura tsofaffin hotuna a ciki a madadin fim, aka rufe ƙofa, injin ya tashi nan take ya turo ɗaya. Wannan ya wanke abubuwa uku a lokaci guda: harsunan jan ƙarfe biyu da ke taɓa batir suna kamawa, ƙugiyar turo fim ba ta lanƙwashe ba, kuma ɗan mahaɗin roba da ke tsakanin injin da giyoyi bai fashe ba. Wannan mahaɗi shi ne ciwon da ya fi kashe waɗannan kyamarori, alamarsa kuwa injin ya yi ta kuka ba ya tsayawa, ko madubi ya maƙale a sama, mazubin kallo ya yi duhu. Babu ko ɗaya a nan.

Aka dubi lensi ta gaba ana dannawa. A gaban taga mai haske ƙyauren da ke barin haske ya shiga ya buɗe ya rufe cikin ƙiftawa, da aka toshe idon awon haske da yatsa sai ya zauna a buɗe daƙiƙu masu yawa. Ke nan awon yana aiki, ko da ba a san ko daidai yake aunawa ba. Aka shiga ɗaki mai duhu aka saka ƙaramar tocila ta ƙofar fim, aka duba zugazugin roba, wato baƙar jakar da ke ninkewa tare da kyamarar, ta kowane lungu, ba a ga haske na ɓullowa ba. Kyamarar da aka ce ta mutu, inji da lantarkinta lafiya lau suke.

Rola

Da aka danna rawayan sandan gefe ƙofa ta faɗo, aka ture ɗan murfin da ke kare rolar, sai ga busasshen sinadari fari ya daskare a jikin ta sama, guda ɗaya mai tauri da wasu ƙanana a bakin gefe. Ga asalin ɗigo-ɗigon nan. Duk zagayen da rola ta yi, ƙullin yakan danna takardar fiye da kima a wuri ɗaya, ya kore kwaɓin daga wurin, shi ya sa tazarar ɗigon ta zama daidai da kewayen rolar. Duk aibin da ya maimaita kansa a tazara ɗaya, a layi ɗaya, a hoto bayan hoto, ba sai an yi dogon bincike ba, rola ce.

An goge su da tsumma mai laushi mara gashi, an ɗan jiƙa shi da ruwa mai tsabta, ana juya rolar da yatsa har aka zagaye ta duka. Ƙullin mai tauri sai da aka bar danshi ya jiƙa shi na ɗan lokaci, sannan aka ɗauke shi da auduga a tsinke. Ba a kankare da ƙarfe, domin rolar da ta sami rauni za ta riƙa buga tambarinta a kowane hoto har abada. Aka bar su suka bushe sarai. Kamata ya yi a duba su tsakanin fakiti da fakiti, kuma a yi gogewar lokacin da babu fim a ciki. In an zare fakiti mai fim aka mayar, kyamarar za ta ɗauka sabo ne, ta tofar da hoton sama a matsayin baƙin kwalin kariya da ke rufe saman kowane sabon fakiti, an yi asarar ɗaya ke nan.

Kusurwar da ba ta wanku ba a hoto na takwas tana iya zama ɗaya daga uku: fim ya tsufa kwaɓinsa ya fara bushewa, ko sanyi ya daskarar da shi ya kasa kaiwa ƙarshe, ko datti ya hana rola matsawa daidai. A sama abin yake faruwa kullum, domin nan ne ƙarshen tafiyar kwaɓin. Kwalin ya nuna wata 7 da yin fim ɗin, kamfanin kuwa wata 12 yake bayarwa daga ranar da aka yi shi. Aka ajiye wannan tambaya, fakiti na biyu zai amsa ta tunda tare aka yi su.

Babban laifin yana rubuce a jikin kwali

Fim ɗin da aka saya nau'in da ake kira 600 ne, ba nau'in SX-70 da aka yi don wannan kyamara ba. Girmansu ɗaya, dukansu suna da batir, dukansu suna shiga, amma ƙarfin jin haskensu ya sha bamban. A ma'aunin jin haske da ake kira ISO, fim ɗin SX-70 ISO 160 ne, na 600 kuwa, wanda aka fara yi a 1981 don wasu kyamarori dabam, ISO 640 ne. Ninki huɗu ke nan, mataki biyu a lissafin masu hoto, inda kowane mataki ninki biyu ne. Kyamarar ba ta da hanyar sanin abin da aka zuba mata, tana auna haske ne a kan fim mai jinkiri, ta ba shi ninki huɗu na abin da yake bukata. Akwai na uku ma, i-Type, shi ma ISO 640, amma ba shi da batir, in an saka shi a tsohuwar kyamara ko motsi ba za ta yi ba.

Me ya sa tayar fari-da-baƙi ba ta cece shi ba? Lissafin a fili yake. A rana tsaka, fim mai ISO 640 yana son ƙyaure ya buɗe kusan 1/640 na daƙiƙa a f/16, wato ma'aunin faɗin ƙofar lensi, inda babbar lamba ke nufin ƙaramar ƙofa. Iyakar da aka rubuta wa SX-70 ita ce 1/175 a f/22, wanda daidai yake da kusan 1/350 a f/16. Ko an murɗa tayar har ƙarshe, hasken ya zarce da kusan mataki guda. Abin da ya faru da hoto na huɗu ke nan: ya fi sauran, amma bai kai ba. Na biyar kuwa wata ɗabi'a ce ta kyamarar ta kama shi, wadda da gangan aka yi ta: duk lokacin da aka ninke ta, tayar takan koma tsakiya da kanta. Wanda bai sani ba zai rantse awon hasken ne ke wasa da hankalinsa.

Maganin da aka zaɓa don gwaji shi ne matatar haske, wadda masu sayarwa ke kira ND, ta mataki biyu. Siririyar leda ce mai ruwan toka da ake shimfiɗawa a saman fakitin, a cusa bakinta ƙarƙashin gefensa, baƙin kwali da hotuna su riƙa zamewa ta ƙarƙashinta. Akwai irin wadda ake mannawa a gaban lensi, ita ma tana aiki, tunda idon awon haske dabam yake da lensin. Sai dai ita tana duhunta mazubin kallo, kuma lensin f/8 dama ba haske gare shi ba, saita hoto ya zama wahala. Ta saman fakiti ba ta taɓa abin da ido ke gani. Illarta ɗaya: tana dab da fim, duk ƙura ko ƙarzuwar da ke jikinta za ta fito a hoto, don haka a riƙe ta ta gefe, a share ta kafin a mayar da ita kan wani fakitin.

Fakiti na biyu, abu ɗaya a lokaci ɗaya

An fito da fakitin daga firij aka bar shi awa guda ya ɗauki ɗumin ɗaki. Aka kafa abin ɗauka guda, wanda ke da fari da baƙi da launin fatar mutum, a inuwa mai haske, zafin wurin kusan digiri 20. Taya a tsakiya, matata a kan fakiti. Aka manna baƙin kwalin da ya fito a saman bakin fitar hoto da salatif, ya zama rumfa, hoton na fitowa aka kife shi a cikin akwati, ba wanda ya leƙa sai bayan minti 15.

Hoton farko: babu ɗigo, babu shuɗin zane, babu kore, kusurwoyi huɗu sun wanku. Fim ɗin ya fita daga zargi, kusurwar hoto na takwas aikin sanyi ne da datti. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, domin hoton har yanzu ya fi yadda ya kamata haske, farin ya cinye, fatar mutum ta koɗe. Aka murɗa tayar sosai zuwa baƙi aka ɗauki na biyu, ya fito daidai. Sabon fim yakan so a ɗan karkata tayar zuwa baƙi a rana, wannan sananne ne, amma ba har haka ba, kuma ba a inuwa ba.

Wannan shi ne laifin kyamarar na gaskiya, guda ɗaya tak, kuma kuskuren fim ne ya lulluɓe shi. A gefen lensi akwai 'yar taga, bayanta akwai ɗan gilashin tacewa, bayansa idon awon haske. Shekaru da danshi sukan sa wani farin tsatsa ya hau wannan gilashi. Idon sai ya riƙa ganin duniya ta fi yadda take duhu, ya bar ƙyaure a buɗe fiye da kima. Da mai kyamarar ya fara da fim ɗin da ya dace, da tun hoton farko an gane wannan. Da kuma an tsaya a kan matata kawai, da ya ci gaba da murɗa taya a kowane hoto yana zargin fim. Gyaran yana bukatar a cire murfin gaban gidan lensi a kai ga gilashin a goge shi da sifirit. A ganina wannan ba aikin da mai koyo zai gwada a kan kyamarar da yake so ba ne, domin wayoyin wurin siraran ne kamar takarda, sun tsufa, kuma sukurorin samfurin farko masu kai murabba'i ne, suna bukatar sukundireba ta musamman. Bayan gogewar, hoto na uku ya fito daidai da taya a tsakiya.

Sauran hotunan an kashe su ne wajen tabbatar da abin da ake zato, da gangan. Na huɗu aka cire rumfar aka bar shi ya fito a rana, a ɗaga shi ana kallo: ya koɗe, shuɗin zanen ya dawo. Daƙiƙun farko su ne masu haɗari, lokacin da kwaɓin bai gama rufe fuskar fim ba, kuma duk inda shimfiɗar ta yi siriri haske yakan kutsa ya bar wannan shuɗi. Maganin dindindin shi ne wata baƙar leda mai naɗewa da ake sakawa a bakin ƙofa, masu sana'ar na kiranta harshen kwaɗo, tana miƙewa tare da hoton ta rufe shi. Kyamarorin 600 masu siffar akwati suna zuwa da irinta, SX-70 mai ninkewa sai an saka mata.

Na biyar da na shida aka fita da su cikin sanyi. Ɗaya aka bari ya wanku a kan benci, ɗaya aka sa shi a aljihun ciki, jikin mutum na ɗumama shi. Na benci ya fito kore-kore, launinsa ya mutu, baƙinsa bai yi baƙi ba. Na aljihu ya fito kusan kamar na ɗaki. Kamfanin ya ce fim ɗin yana aiki daidai tsakanin digiri 13 da 28. Ƙasa da haka rinin ba ya hawa da ƙarfi ɗaya, sama da haka kuma hoto ya juya ja-ja ko rawaya, sai a nema masa wuri mai sanyi da duhu ya wanku. Ba hoton kaɗai ake ɗumamawa ba, kyamarar da fakitin cikinta ma a riƙe su cikin riga har lokacin ɗauka, domin kwaɓin da ya yi sanyi a jaka tun kafin a fasa ta ya riga ya yi kauri, batirin ma yakan yi nauyi. A aljihu kuma kada a lanƙwasa hoton, kada a matsa shi. Kaɗa hoto a iska, wanda mutane suka gada daga tsohon fim mai ɓarewa da ke fitowa da danshi, ba ya ƙara wa wannan komai, fuskarsa a rufe take da leda, kaɗawa mai ƙarfi ma tana iya raba fatun ta bar tabo.

Hotunan cikin ɗaki

Rawayan da suka yi ba aibi ba ne. An daidaita fim ɗin da hasken rana, ƙwan lantarki mai ɗumin launi dole ya fito rawaya, kuma babu maɓallin gyara wannan kamar a dijital. Dishi-dishin kuwa daga hannu ne. Lensin milimita 116 ne, ba ya buɗewa fiye da f/8, a hasken ɗaki na yau da kullum ƙyauren yakan zauna a buɗe rabin daƙiƙa ko fiye, a duhu sosai ya wuce daƙiƙa 10. Mai dijital ya saba da danna-ka-sauke. A nan kuwa da an danna sai madubi ya tashi, mazubin kallo ya yi baƙi, ƙyaure ya buɗe, kuma duk motsin da aka yi kafin injin ya fara turo hoto yana shiga cikin hoton. A riƙe ta da tafin hagu a ƙasa, bayan ƙofa, yatsu kada su tare bakin fitar hoto kuma kada su danna zugazugi, a danna a hankali a daskare har a ji kukan injin. Samfurin farko ba shi da ramin ɗaurawa a kan ƙafa uku, sai daga samfurin Alpha 1 da ya zo daga baya aka saka, don haka hoto na bakwai a kan tebur aka ɗora ta, ya fito tsaf. Na takwas da filasha aka yi shi. Ramin da ke saman lensi an yi shi ne don sandar ƙwayaye 10, biyar a kowace fuska, masu ƙonewa sau ɗaya, yanzu kuma akwai na lantarki da ke shiga ramin. Filashar ta kashe rawayan, ta kuma tsayar da motsi, amma bayan mutumin ya faɗa duhu, kamar yadda ƙaramar filasha ke yi a kowace kyamara.

Wani abu da ya fito a gefe: kyamarar tana saita abu tun daga kusan santimita 26, kuma wannan ne ke jan masu hoton fuska zuwa gare ta. A wannan kusancin abin da ke fitowa tsaf siriri ne ƙwarai, in an saita a kan hanci ido zai fita. A saita a kan ido, kuma kada a rausaya gaba ko baya bayan an saita.

Zaɓin da ya rage

Hanya uku ce a gaban mai kyamarar. Ya riƙa sayen fim ɗin SX-70, wanda shi ne mafi sauƙi ga mai ɗauka a waje da rana. Ko ya ci gaba da 600 da matata, wanda amfaninsa kawai shi ne 600 ya fi samuwa, amma an jefar da saurin da aka saya, tunda matatar ta mayar da shi ISO 160. Ko kuma a sauya kafasita a allon awon hasken, kyamarar ta koma auna ISO 640 kai tsaye. Ga mai hoton mutane a inuwa da cikin ɗaki, ta ukun ta fi ma'ana: mataki biyun nan su ne bambanci tsakanin rabin daƙiƙa da 1/8, wato tsakanin hoton da ba zai yiwu a hannu ba da wanda zai yiwu in an jingina da bango. Farashinta shi ne daga ranar fim ɗin SX-70 zai riƙa fitowa da duhu. Shi ya zaɓi ya tsaya a kan matata har ya ƙare fakiti kaɗan ya ga inda ya fi ɗauka, kuma hakan daidai ne, gyaran ba ya gudu.

An ba shi ƙa'idojin ajiya a taƙaice. Fim da ba a buɗe ba ya kwanta a firij, a kwance ba a tsaye ba, tsakanin digiri 4 da 18, kada ya shiga firiza domin ƙanƙara tana lalata kwaɓin. A filin jirgi a nemi a duba shi da hannu, na'urar haska kaya takan bar masa hazo ruwan hoda. Hoton da ya fito kuma bai gama bushewa a ciki ba ko da ya yi kama da ya gama, sai a bar shi kwana 30 a wuri mai iska, babu rana, kafin a sa shi a albam ko a rufe shi a leda. Kada a yanka gefensa da almakashi yana sabo, kwaɓin alkali ne, in ya taɓa fata a wanke da ruwa nan da nan.

Abu ɗaya ne ba a iya gyarawa ba, domin ba a jikin kyamarar yake ba: fim ɗin yakan ɗan bambanta daga bugu zuwa bugu, wani ya karkata ruwan hoda, wani ya fi son a rage masa haske, kuma fakiti ɗaya ma yana sauyawa yayin da yake tsufa. Saboda haka aka shawarce shi ya ɗauki hoton farko na kowane sabon bugu a matsayin gwaji, a inuwa, taya a tsakiya, ya rubuta a bayan farin gefen ranar da aka yi fim ɗin, da zafin wurin, da inda taya take, sannan ya daidaita sauran bakwai a kan abin da ya gani.